Kyauta Aka Ba Su, Me Ya Sa Kayan Shagon Sadaka a Ingila Suke Tsada?

Wata ƙanwata da ta iso Ingila karatun digiri na biyu ta aiko min da tambaya, kuma daga yadda ta rubuta na san ranta a ɓace yake. Sanyi ya fara shigowa, 'yan uwa suka ce ta je shagunan ƙungiyoyin agaji, waɗanda mu a nan muke ce wa cariti kawai, ta nemi rigar sanyi mai araha. Ta je ta tarar da kwat ɗin da ya yi mata an rubuta masa fam 25. Ta taya fam 15, dattijuwar da ke kan kanta ta dube ta kamar ta yi saɓo. Ga abin da ta ce: "Anti, ba kyauta ake kawo musu kayan nan ba? To tsadar ta mece ce, kuma ina kuɗin ke tafiya? Sannan wai da gaske ne abin da ya yi musu kwantai shi ne gwanjon da muke saye a gida?"

Ƙanwata, sannu da sanyi, Allah ya ba da sa'ar karatu. Shekara 11 na yi a irin wannan shago a wani gari na arewacin Ingila. Na fara ne a ɗakin baya ina kwance buhuna a matsayin 'yar sa-kai, daga baya na zama mataimakiyar manaja, har shagon ya dawo hannuna. Shagon na wani gidan kula da marasa lafiya ne waɗanda likitoci suka ce cutarsu ba ta warkewa, ana rage musu raɗaɗi har wa'adi ya yi. Saboda haka dattijuwar nan da ta harare ki, na san irinta sarai, na yi aiki da gommansu.

Inda lissafinki ya fara kaucewa shi ne wanda ake yi wa sadakar. Mu da muka taso a gida, in aka ce kayan sadaka, abin da muka sani shi ne mai hali ya fito da tufafin da ya gaji da su, ko magada su fito da kayan mamaci, a miƙa wa mabuƙaci hannu da hannu. Wanda ya sa rigar shi ya ci sadakar. A nan ba haka aka tsara abin ba. Mutumin da ya kawo kwat ɗin nan ƙungiya ya ba, domin ta mayar da shi kuɗi. In shagon na British Heart Foundation ne, kuɗin na binciken ciwon zuciya ne. In na Cancer Research UK ne, na binciken ciwon daji ne. Barnardo's yara suke kula da su, Shelter kuma marasa muhalli. A shagonmu, kuɗin albashin nas ce da za ta kwana a gefen gadon wani tsoho. Ke da kika shigo da jakarki, a idon shagon ke ce mai biya, wanda za a taimaka yana can wani wuri bai ma san kin shigo ba. Kuma doka ta ɗora wa amintattun kowace ƙungiya nauyin kula da dukiyarta don manufar da aka kafa ta. Manajan da ya ga kwat na fam 25 ya sallama a fam 5 saboda tausayi, ya yi kyauta ne da abin da ba nasa ba.

Tun asali haka abin yake. An kafa Oxfam a 1942 a birnin Oxford don kai ɗauki ga mutanen Girka da yunwa ta addaba lokacin yaƙin duniya na biyu. Mutane suka riƙa kawo kaya, har da waɗanda babu amfanin a aika su, aka ga gara a sayar a aika kuɗin. A ƙarshen shekarun 1940 suka buɗe shago a titin Broad Street na Oxford, yana nan har gobe. Yau akwai irin waɗannan shaguna sama da 10,000 a Birtaniya, har da na Islamic Relief da aka kafa a Birmingham a 1984, in kina son kuɗinki ya tafi wurin 'yan uwa Musulmi.

To bari in buɗe miki littafin shago. Kaya kyauta ne, gaskiya ne, amma daga nan kyautar ta ƙare. Mai gini ba ya rage haya don kana aikin Allah. Kamfanin wuta da na gas ba su san ka ba. Ga inshora, ga motar kwasar kaya da direbanta, ga na'urar karɓar kati da ake cire mata kaso a kowane ciniki. 'Yan sa-kai ba a biyansu, amma manaja da mataimakinsa ma'aikata ne, kuma mafi ƙarancin albashi ya kai fam 12.21 a awa a Afrilun 2025 ga mai shekara 21 zuwa sama, a watan ne kuma aka ƙara harajin da mai ɗaukar ma'aikata ke biya. Gwamnati tana sassautawa ta wurare biyu. Harajin da ƙaramar hukuma ke karɓa a kan shaguna ana yafe mana kashi 80 cikin 100, in dai akasarin abin da muke sayarwa na kyauta ne, ragowar 20 ɗin kuma sai yadda hukumar ta ga dama. Sannan babu harajin VAT a kan kayan da aka bayar kyauta. Wannan sharaɗi na farko shi ya sa za ki ga sabbin kaya irin su katin Kirsimeti da cakulan a ɗan lungu kawai, ba a bari su yi yawa. Duk da wannan sassauci, in kika ajiye fam guda a kanta, mafi yawansa a kan hanya yake ƙarewa, ƙaramin kaso ne ke isa gadon mara lafiya. Akwai watannin da shagonmu da kyar ya fitar da kuɗin hayarsa. Kuma ba sai kin yarda da maganata ba, kowace ƙungiya mai rajista tana miƙa lissafinta na shekara ga hukumar kula da ƙungiyoyin agaji, kowa na iya buɗewa a intanet ya karanta.

Kuɗin da mutane ba sa taɓa tunaninsa shi ne na zubar da shara, kuma nan ne ɗakin baya ya shigo.

Da za ki shiga ɗakin bayan shago ranar Litinin da safe, da kin daina cewa kyauta. Baƙaƙen ledoji ne tsibi guda har kusan rufi, kuma ba ki san me ke ciki ba sai kin zura hannu. Safar hannu dole ce, don an sha samun fasasshen gilashi da allura. Wata ledar sai ki buɗe ki ga an wanke komai an goge an ninke, har da ƙamshin turare. Ta kusa da ita kuwa kwandon wanki ne aka juye yadda yake, da safa ƙafa ɗaya da kamfai mai datti. Na taɓa kwance leda na tarar da tukunya da sauran abinci a ciki. Waɗanda suke ajiye kaya a bakin ƙofa da dare bayan mun tashi sun fi ba mu wahala: ruwa ya jiƙa su, ko wasu su yayyaga ledar su watsar a titi, da safe mu kwashe mu biya a zubar. Ajiye kaya a haka ma laifi ne a dokar shara, amma mutane gani suke alheri suka yi.

Akwai kuma kayan da ko sabbi ne ba ma iya sayarwa. Kujera mai katifa in babu takardar shaidar kariya daga gobara a jikinta, dokar 1988 ta hana a sayar, ko da ta fi ta gidan sarki kyau. Kayan lantarki sai an gwada su an manna shaida, shagon da ba shi da mai gwaji ba ya karɓa. Kujerar yaro ta mota da hular kwano yawancin shaguna ba sa taɓawa, don ba wanda ya san ko sun taɓa buguwa. Duk wannan in an jibge mana, mu ne da biyan kuɗin kwashewa. Sau da yawa mutum bola ya nufa, ya ga shagonmu ya fi kusa.

Abin da ya tsira daga wannan tacewa, wanda ba shi ne mafi yawa ba, shi ake dubawa wuya da hammata da zif da aljihu, a busa masa tururi ya miƙe, a rataya a hanga, a sa masa farashi. Kaya mafi kyau da muke samu, kuma wannan ya daɗe yana taɓa min zuciya, na mamata ne. 'Ya'ya su zo da akwatunan mahaifiyarsu mako biyu bayan jana'iza, riguna na ulu tsantsa da aka ɗinka shekara 40 da suka wuce ba su ko koɗe ba, da farantan tangaran da ba a taɓa ci a ciki ba. Wasu suna ajiyewa suna hawaye. In irin wannan mutum ya dawo bayan kwana uku ya ga kwat ɗin mahaifiyarsa a kwandon fam ɗaya, ba zai sake kawo mana ko tsinke ba, kuma zai gaya wa maƙwabta. Farashi ba mai saye kaɗai yake kallo ba, mai bayarwa ma yana kallo.

Yadda ake sa farashin kuwa, manyan ƙungiyoyi suna da takardar jagora daga hedikwata. An kasa kamfanonin tufafi mataki-mataki: na ƙasa irin su Primark da kayan manyan kantunan cefane, na tsakiya irin su Marks & Spencer da Next, sai na sama masu tsada. Kowane mataki da iyakar farashinsa. Abin da aka fi bi a baki shi ne a sa wani ɗan kaso na kuɗin sabo, a rage ko a ƙara gwargwadon lafiyar kayan. Kwat ɗinki na fam 25, in na ulu ne daga kamfani na tsakiya ko na sama, sabonsa zai iya wuce fam 100, kuma ko ni haka zan sa masa. Sannan unguwa tana magana. Riga ɗaya, a unguwar masu kuɗi a Landan a sa mata ninki biyu ko uku na abin da za a sa mata a garin da masana'antunsa suka mutu. Ƙungiyoyi masu shaguna da yawa har ɗaukar kaya masu suna suke yi daga ƙananan rassa su kai inda za su yi daraja. Save the Children ma ta buɗe wasu shaguna na musamman tare da Mary Portas, wata gwanar harkar kantuna, an ƙawata su kamar kantin 'yan gayu, farashinsu ma haka.

Dattawan da suka daɗe a ƙasar nan za su ce miki da ba haka abin yake ba, kuma gaskiyarsu. Da can tsohuwa ce za ta ɗaga riga ta ce wannan kwabo 50, shi ke nan. Waya ce ta sauya komai. Yanzu kowa yana iya ɗaukar hoton abu ya ga nawa aka sayar da irinsa a eBay cikin minti guda. Ga Vinted da Depop inda mutane ke sayar da tufafinsu da kansu. Wannan ya cuce mu ta fuska biyu. Mai kaya ya tsince masu kyau ya sayar a wayarsa, ya kawo mana ragowa. Sannan ga 'yan sari da suke tsaye a ƙofa kafin mu buɗe, waya a hannu, suna bin hanga ɗaya bayan ɗaya. Ni ba na jin haushinsu, sana'a suke yi, kuɗinsu kuma kuɗi ne. Amma na taɓa sallama wani saitin kofunan shayi fam 4, wanda ya saya ya dawo da kansa yana dariya ya nuna min a wayarsa nawa ya sayar. Ban yi barcin kirki ba ranar. Tun daga nan duk abin da ban gane ba sai na duba, in ya yi kama da mai daraja a aika sashen intanet na ƙungiya ko wurin masu gwanjon kayan tarihi. Shi ya sa tsintuwar da ake ba da labari, a sayi abu fam 2 ya zama dukiya, ta yi wuya yanzu.

Sai dai ba zan wanke mu tas ba, don akwai inda ƙorafinki yake kan hanya. Akwai tsadar da wauta ce kawai. Rigar Primark da aka saya sabuwa fam 3, a rataya ta a rubuta fam 3.50. Ya faru a shagona, da takardar farashin asali ma a jikin rigar, wata mata ta kawo min kanta ta ajiye ba ta ce komai ba, kunya ta kama ni. Abin da ke jawo haka, 'yar sa-kai mai shekara 75 ba ta san Shein ba, kamfanin tufafi masu araha na intanet, ta ga riga mai sheƙi ta ɗauka ta kirki ce. Wani lokacin kuma manajan yanki ne ya ɗora wa shago adadin kuɗin da zai kawo a mako, aka bi takardar jagora ido rufe. A ra'ayina shagon da ke unguwar talakawa ya kamata ya sayar da araha ya sayar da yawa. Na gwada na gani: hangar fam ɗaya tana kawo kuɗi fiye da riga mai fam 6 da za ta yi wata tana shan ƙura, daga ƙarshe a auna ta a sikeli da kuɗin da bai kai na biredi ba. Na sha jayayya da na sama da ni a kan wannan, wani lokaci in ci, wani lokaci a ci ni.

Batun tayi kuma. Mu ciniki a jininmu yake, a taya, mai kaya ya ce albarka, a ƙara, a daidaita, kowa ya tafi da daɗin rai. Bature a kanti bai san wannan ba, a shagon sadaka kuwa ji yake kamar kin zura hannu a asusun masallaci kina neman canji. Ita dattijuwar ma ba ta da ikon ragewa ko da ta so, na'urar ba za ta bar ta ba sai manaja ya zo. Akwai kuma wani lissafi da ba ki gani ba. In kin duba takardar farashin, wataƙila akwai wata 'yar lamba a jiki. Wannan ta tsarin Gift Aid ce. Wanda ya kawo kaya, in yana biyan haraji a Birtaniya kuma ya sa hannu a fom, shago yana sayarwa ne a matsayin dillalinsa, kuɗin ya zama kyautarsa, sai gwamnati ta ƙara wa ƙungiya kwabo 25 a kan kowane fam, kwabonsu da 100 ke yin fam guda. Ke nan kwat na fam 25 kusan fam 31 ne a wurin ƙungiya, fam 10 da kika nemi a rage kuma 12 da rabi ne. Shi ya sa ma ba ma son a cire takarda daga jikin kaya, in ta ɓata wannan ƙarin ya tafi.

Amma akwai lokacin da magana take karɓuwa. In kin ga aibin da ba a lura da shi ba, zif ya lalace ko asu ya ci wani wuri, ki nemi manaja cikin ladabi ki nuna mata, galibi za ta rage. Manyan kaya irin su tebur da kabad da suka daɗe suna cin wuri, nan ma ana sauraro, musamman in za ki ɗauka da kanki. Sannan ki koyi karanta takarda. Kusan kowane shago yana rubuta lambar mako ko ya sa launi daban, don a san ranar da kaya ya fito. In ya yi mako biyu zuwa huɗu ba a saya ba, ko a kai shi hangar ragi, ko a tura wani reshe, ko a sauke shi. In kin ga lambar ta tsufa, tambaya ba laifi ba ce. Ki riƙe rasit kuma. In kaya ya fito da matsalar da ba a gaya miki ba, dokar kare mai saye ta 2015 ta shafi tsofaffin kaya ma. In kuwa ra'ayi kika sauya, sai abin da shagon ya ga dama, yawanci musanya ce ko takardar da za ki sake sayayya da ita.

Akwai zargin da kowa ke yi, ko ba ki faɗa ba na san kin ji: wai ma'aikata suna tsince masu kyau. Inda mutane suke ba a rasa mai son zuciya, na taɓa sallamar wani saboda haka. Amma ƙa'ida a shagunan kirki ita ce ba ka sa wa abin da kake so farashi da kanka, wani zai sa, a fitar da shi fili tukuna, ka biya a kanta a rubuta a littafi. Wasu ƙungiyoyin suna ba 'yan sa-kai ɗan ragi, wasu ba sa bayarwa. In kina sha'awar shiga, hanya ce mai kyau ta koyon Turancin titi da samun wanda zai tsaya miki shaida wurin neman aiki. Sai dai ki fara tambayar ofishin ɗalibai baƙi na jami'arku, don wani nau'in aikin sa-kai mai tsayayyen lokaci ana lissafa shi cikin awa 20 da bizarki ta yarje miki a mako.

'Yan uwanmu na Amurka za su ba ki labari iri ɗaya da wasu sunaye. Goodwill, wadda wani limamin coci Edgar Helms ya fara a Boston a 1902, kuɗinta na koyar da sana'a da sama wa mutane aiki ne, kuma tana da rumbuna inda ake zuba kwantai a manyan kwanduna ana sayarwa da awo. Abin lura a can shi ne akwai manyan kantuna irin su Savers da Value Village waɗanda kamfani ne na neman riba, yana sayen kaya daga ƙungiyoyin agaji ya sayar don kansa. A nan Ingila makamancin haka shi ne ledojin da ake turo wa mutane ta ƙofa da sunan wata ƙungiya. Da yawansu kamfani ne ke kwashewa ya ba ƙungiyar wani abu a kan kowane tan. Ki karanta ƙananan rubutun da ke jiki.

Sai gwanjo. Eh, akwai gaskiya a abin da kika ji, amma ba duka ba. Abin da muka sauke daga hanga da wanda tun farko bai cancanci hanga ba, buhu muke zubawa. Duk mako motar ɗan kasuwar tsumma tana zuwa, a ɗora a sikeli, ya biya da kilo. Daga ranar kayan sun fita daga hannun ƙungiya, sun zama haja kamar kowace haja. A rumbunsa ake haɗa su da na akwatunan ƙarfe na zuba tsofaffin tufafi da kike gani a wuraren ajiye motoci, a tace su iri-iri: wanda ya fi kyau ya tafi gabashin Turai, masu nauyi su nufi ƙasashe irin su Pakistan, marasa nauyi na zafi a matse su dila-dila mai kilo 45 ko 55 a yi Afirka da su, wanda ya mutu murus a yanka tsumman goge inji ko cikon katifa. Oxfam tana da nata wurin tacewa a Batley, nan Yorkshire, ta kuma kafa wani kamfanin gwanjo a Senegal mai suna Frip Ethique, amma yawancin ƙungiyoyi da zarar sun sayar ba su san inda kaya ya ƙare ba. Kuma ba daga Ingila kaɗai gwanjo ke fitowa ba, akwai na Amurka da Kanada da Koriya da Sin.

A takarda Najeriya ta haramta shigo da tsofaffin tufafi tun da daɗewa, shi ya sa dila take sauka a Kwatano ko Lome ta biyo hanyar da kowa ya sani, har a fasa ta a Ƙofar Wambai a Kano ko Kasuwar Barci a Kaduna. Wanda ya sayi dila bai san me ke ciki ba sai ya yanke igiya, daidai da ni da baƙar ledata ranar Litinin, sai dai ni ban biya ba, shi kuwa jarinsa ne gaba ɗaya a ciki. A Kantamanto ta Accra, inda ake ce wa kayan obroni wawu, wato na Baturen da ya mutu, ana ƙiyasta tufafi kusan miliyan 15 ke shiga duk mako. Ƙungiyar Or Foundation ta ce kusan kashi 40 cikin 100 a bola suke ƙarewa, 'yan kasuwar kuma sun musanta, sun ce bai kai ko kusa ba. Gobarar da ta cinye babban ɓangaren kasuwar a farkon Janairun 2025 ta jefa dubban mutane cikin asara. Da na fara jin ma'anar sunan nan na yi shiru, don na tuna akwatunan da ake kawo mana bayan jana'iza.

Wannan ma yana da hannu a fam 25 ɗinki. Da can kuɗin tsumma wani ginshiƙi ne a lissafin shago. Da kaya marasa inganci suka cika duniya, ga faɗuwar kuɗaɗen ƙasashen da ke saye da tsadar jirgin ruwa, farashin kilo ya zube, har a 2024 ƙungiyar 'yan kasuwar tsumma ta Birtaniya ta fito fili ta ce sana'ar na gab da durƙushewa. Abin da aka rasa a ɗakin baya, a kan hanga ake neman cike shi.

Yanzu batun rigar sanyinki, tunda sanyi ba ya jiran lissafi. Ki bar shagunan tsakiyar gari da na kusa da jami'a. Ki hau bas ki je ƙananan unguwanni, ki nemi shagunan ƙananan ƙungiyoyi na gari, irin na gidajen jinya da na kula da dabbobi, sun fi araha don ba su da takardar hedikwata mai tsauri. Ki tambaya ko ƙungiyar tana da babban rumbun ragi a bayan gari inda ake kai kwantai, a can ake samun komai fam ɗaya ko biyu. Ki duba takardar ciki ki ga da me aka yi rigar, ulu ko gashin agwagwa su ne masu maganin sanyin nan, ki kuma leƙa hangar maza, tasu ta fi kauri kuma ba a rububinta. Akwai kasuwar bayan mota da ake ci safiyar Lahadi a filaye, inda mutane ke sayar da tsofaffin kayansu daga bayan motocinsu, can ki taya son ranki, ba mai hararar ki, sai dai yawancinsu suna tsayawa in sanyi ya yi tsanani. In kuwa aljihun ne ya yi ƙasa sosai, kada ki ji nauyi: ƙungiyar ɗalibai ta jami'a, da wasu masallatai da coci-coci, suna raba rigunan sanyi kyauta a farkon hunturu, akwai kuma Freecycle inda mutane ke bayar da kaya ba ko kwabo. Waɗannan su ne sadakar irin wadda kika sani a gida. Kwat ɗin fam 25 kuma, ki koma ki duba takardarsa. In ulu ne kuma zif da maɓallansa lafiya, ki biya ki ɗauka kafin 'yan sari su gan shi, zai kai ki har ki gama karatu ki bar wa wata.